'Yar Tsana ko Gadon Asibiti: A Ina Ɗaliban Jinya na Zamfara Za Su Koyi Aiki?

Gado ne irin na asibiti sak, da farin zanin gado, da ƙarfen rataye ledar ƙarin ruwa a gefe. Sai dai wadda ke kwance a kai ba ta numfashi. 'Yar tsana ce ta roba mai girman mutum, hannunta duk ya sha hudar allura. Ɗalibai sun yi mata zobe, kowa da fararen kayansa.

Malama ta kira ɗaya daga ciki ta ce ta saka wa mara lafiyar robar fitsari. Ɗalibar ta wanke hannu, ta buɗe kayan aiki, ta sa safar hannu yadda aka koya mata. Tana shirin farawa sai hijabinta ya zamo, ta kai hannu ta gyara. Nan take malama ta dakatar da ita. Safar ta riga ta gurɓata, sai a cire a faro daga wanke hannu.

Ba wanda ya cutu, 'yar kunya kawai ɗalibar ta ji a gaban 'yan ajinsu. Da a ɗakin masu haihuwa ta yi wannan kuskuren, a jikin matar da ta kwana tana naƙuda, da ƙila an sallami baiwar Allah da ciwon da ba ta zo da shi ba, kuma ba wanda zai taɓa sanin daga inda ya fito.

Irin wannan ɗaki, da ake kira ɗakin koyon aiki, yana cikin sharuɗɗan da Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ke dubawa kafin ta amince da makaranta. Yanzu muhawara ta taso a tsakanin masu koyar da jinya a duniya: nawa ne daga cikin lokacin da ɗalibi ke yi a asibiti za a iya mayarwa wannan ɗaki ba tare da an yi asara ba? A Gusau da Tsafe da Bungudu, tambayar tana da nauyin da ba ta da shi a wasu wurare.

Ɗalibai na ƙaruwa, gadaje na nan yadda suke

A farkon 2024 hukumar jinya ta ƙasa ta bayyana cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. Gwamnatin tarayya ta nemi cike giɓin ta hanyar faɗaɗa guraben ɗaukar ɗalibai, daga kusan 28,000 a shekara zuwa 64,000, daga baya ma aka ƙara.

Ƙara kujeru a aji abu ne mai sauƙi. Amma kowane ɗalibi sai ya tsaya a gaban gadon mara lafiya, kuma sai an samu ƙwararre ya tsaya a bayansa. Waɗanda suka tafi Ingila da Saudiyya da Amurka kuwa galibi su ne masu gogewar, su ne ya kamata su tsaya a bayan.

A Zamfara, manyan wuraren koyon aiki kusan duk a Gusau suke: Cibiyar Lafiya ta Tarayya, Asibitin Ƙwararru na Ahmad Sani Yariman Bakura, Asibitin Mata da Yara na Sarki Fahad, da Babban Asibitin Gusau. Nan ɗaliban makarantar jinya da ungozoma ta jiha ke zuwa. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Tsafe, wadda ke yaye jami'an lafiya na matakin farko, su ma suna buƙatar asibiti da ɗakunan shan magani da za su yi aikin gwaji. Ga kuma makarantu masu zaman kansu da ke ta ɓullowa a Arewa.

Halin da asibitocin ke ciki ba ɓoyayye ba ne. A farkon 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya na jihar, aka shiga gyaran asibitoci da sayen kayan aiki. Gini yana tashi cikin watanni, amma samar da nas ɗin da za ta iya koya wa wata aiki yana cin shekaru.

Hanyar da ta rage tafiya

Akwai kuma abin da littattafan koyar da jinya na Turai ba su yi tanadinsa ba. Tsarin karatu ya tanadi a tura ɗalibi ƙauye, ya zauna cikin jama'a, ya ga yadda ake awon ciki da rigakafi a ƙaramin asibiti. A Zamfara ta yau, shugaban makarantar da zai sa hannu a takardar tura 'yan mata ƙauye sai ya yi tunani sau biyu.

A watan Afrilun 2022 'yan bindiga sun sace wasu ɗalibai mata na kwalejin lafiya ta Tsafe. A watan Satumban 2023 sun shiga Sabon Gida, a Ƙaramar Hukumar Bungudu, sun kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau fiye da ashirin, mafi yawansu mata. Hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa ta yi ƙaurin suna, direbobi na duba agogo kafin su kama ta.

Uban da ya sayar da hatsi ya biya wa 'yarsa kuɗin makaranta ba zai yarda a kai ta inda zai kwana da fargaba ba, kuma yana da gaskiya. Sakamakon haka shi ne ɗalibai su taru a cikin gari, su yi cincirindo a kan gadaje ƙalilan, ƙananan asibitocin karkara kuma, inda aka fi buƙatarsu bayan sun gama, su zama wuraren da ba su taɓa leƙawa ba.

Wannan ne ya sa maganar 'yar tsana ta daina zama zancen ado a nan.

Tsohuwar dabara ce

Masu ganin koyo da mutum-mutumi sabon yayi ne na zamanin kwamfuta sun yi kuskure. Tun a ƙarni na 18 wata ungozoma a Faransa, Madam du Coudray, ta ɗinka siffar ƙugun mace da jariri da ƙyalle da fata. Daga 1759 ta yi ta yawo gari-gari bisa umarnin sarkin ƙasar, tana koya wa matan karkara karɓar haihuwa, har tsawon shekara fiye da ashirin. Ɗaya daga cikin abubuwan da ta ɗinka yana nan ajiye a wani gidan tarihi a birnin Rouen.

A 1911 Asibitin Hartford a Amurka ya fara koyar da ɗaliban jinya da wata 'yar tsana mai girman mutum da aka raɗa wa suna Mrs Chase. A 1960 wani mai ƙera kayan wasan yara a Norway, Asmund Laerdal, ya fito da Resusci Anne, wadda har gobe ake koyon farfaɗo da numfashi a kanta. Na yanzu suna ƙifta ido, suna nishi, bugun zuciyarsu yana hawa yana sauka bisa abin da malami ya latsa a kwamfuta.

Hujjar da masu goyon bayan tsarin suka fi kafawa da ita ta fito ne daga Amurka a 2014. Hukumar da ke haɗa majalisun jinya na jihohin ƙasar ta bi ɗalibai fiye da 600 a makarantu goma. Wasu an mayar musu da kwata na lokacin asibiti zuwa ɗakin koyon aiki, wato ɗakin kwaikwayo, wasu rabi. Da suka gama, ba a ga wani bambanci tsakaninsu da waɗanda suka yi karatu yadda aka saba ba a jarrabawar samun lasisi, haka nan shugabanninsu a wurin aiki ba su ga bambanci ba a watanni shida na farko.

Sai dai masu yaɗa wannan sakamako sukan tsallake sharaɗin da ya zo da shi. Binciken ya ce hakan na yiwuwa ne idan malaman sun samu horo na musamman, kayan sun wadata, kuma bayan kowane gwaji an zauna da ɗalibai an warware abin da ya faru dalla-dalla. Rabin da ya rage kuma a asibitocin da ke da masu sa ido aka yi shi.

Abin da roba ta fi gado

Akwai abubuwan da asibiti ba zai iya koyarwa yadda ya kamata ba, komai kyansa. Na farko shi ne abin gaggawa. Idan mace ta haihu jini ya ɓalle, ko mai ciki ta fara jijjiga, ko jariri ya faɗo bai yi kuka ba, ba wanda ke da lokacin yi wa ɗaliba bayani. Abin da za ta ji shi ne ta matsa gefe, ko ta ruga ta kira likita. Za ta iya gama karatunta ta ga irin wannan sau da dama ba ta taɓa sa hannu ba. Ranar da aka tura ta wani ƙaramin asibiti a ƙasar Bungudu, ita kaɗai ce a bakin aiki da dare, ranar za ta fara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan 'yar tsana ta nuna amfaninta a Afirka ma. Wani shiri na taimaka wa jarirai su yi numfashi, wanda aka ƙaddamar a 2010, yana amfani da wani jaririn roba mai arha da ake cikawa da ruwa, mai suna NeoNatalie. Ana koya wa ungozoma ta tsane jariri, ta motsa shi, idan bai numfasa ba ta fara hura masa iska da jakar numfashi kafin minti ɗaya ya cika. A asibitoci takwas na Tanzaniya, mutuwar jarirai a ranar haihuwa ta ragu da kusan rabi bayan an shigar da shirin.

Wani darasi daga can ya fi wannan muhimmanci gare mu. A asibitin Haydom an gano cewa horon yini ɗaya ya sa ma'aikata sun ƙware a kan robar, amma aikinsu a ɗakin haihuwa bai sauya ba. Sai da aka ajiye jaririn robar a cikin ɗakin haihuwar, aka riƙa maimaita gwajin na 'yan mintoci a kai a kai, sannan aka ga canji a rayukan jarirai.

Najeriya ma tana da nata misalin. Binciken E-MOTIVE, wanda aka wallafa a 2023, an yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero a Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Ana shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke nuna yawan jinin da ya zuba, da ya kai iyaka sai a haɗa magungunan da matakan ceto gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya. Mummunan zubar jini da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Ma'aikatan sun yi ta gwada matakan ta hanyar kwaikwayo kafin su yi a kan mutane.

A ƙasar da ke ɗauke da fiye da kwata na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sannan akwai haƙƙin mara lafiya, wanda ba kasafai ake ambata ba. Wa ake koyon allura a jikinsa? Ba mai kuɗin da ke ɗaki na musamman ba. Talaka ne da ya taho daga ƙauye, wanda bai san yana da ikon cewa a'a ba. Ni a ganina duk ɗalibin da bai huda hannun roba har hannunsa ya daina rawa ba, bai kamata a miƙa masa hannun mutum ba.

Abin da gado ya fi roba

Tsofaffin nas-nas kuwa, waɗanda suka yi shekara talatin suna kwana a ɗakin marasa lafiya, suna da nasu uzurin idan suka taɓe baki. Jijiyar hannun roba a fili take, kullum a wuri ɗaya. Yaron da tamowa ta cinye, ko wanda amai da gudawa suka tsotse, jijiyarsa ta lafe, fatarsa ta yi yaushi, uwarsa kuma tana tsaye tana kallon hannunka. Irin waɗannan yara ne ke cika asibitocin jihar da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da yunwa ke haɗuwa.

Abin da ya fi wannan wuya shi ne magana. Ka tambayi dattijuwar Bazamfara yaya jiki, za ta ce da sauƙi, alhamdu lillahi, ko da kuwa ciwon ya kai mata ko'ina. Yarinya mai cikin fari za ta cije, ba za ta yi ƙara ba, domin an horar da ita cewa raki a naƙuda abin kunya ne. Nas ɗin da ke jiran ihu kafin ta san abu ya ɓaci, za ta makara. Dole ta koyi karanta gumin goshi, da yadda aka damƙe ƙarfen gado, da farin da ke cikin fatar ido.

Haka kalmomin ciwo. Idan mutum ya ce sanyi ke damunsa, ko basir, ko shawara, kowace kalma tana iya ɗaukar cututtuka da yawa waɗanda littafi ya raba su babi-babi. Sai an zauna, an ce "Inna, nuna mini inda ke miki ciwo," an yi haƙuri, sannan a ji cewa ta sha jiƙo kwana uku kafin a kawo ta. Wani lokacin ma ba ita za ta amsa ba, mijinta ne a bakin ƙofa, ko uwar miji, kuma shawarar ƙarin jini ko tiyata a hannunsu take. Lallashin mai gida ya yarda a yi wa matarsa aiki cikin dare darasi ne da babu kamfanin da ya ƙera robarsa.

Akwai kuma aiki cikin rashi. A ɗakin koyo komai yana kan tire. A asibitin karkara wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar ɗinki, maganin da ake buƙata sai ɗan'uwan mara lafiya ya fita ya sayo. Ɗalibin da bai taɓa ganin yadda ƙwararriya ke aiki da fitilar waya ba tare da ta karya ƙa'idar tsafta ba, zai ruɗe ranar farko.

Sai dai akwai wani abu da ke rage ƙarfin hujjar tsofaffin. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kusan mace ɗaya cikin goma ce ke haihuwa a asibiti a Zamfara. Waɗanda ke zuwa, da yawa sai abu ya gagara a gida. Ke nan ɗalibar ungozoma tana iya fama wajen samun haihuwa mai sauƙi da za a bar ta ta karɓa da hannunta, ga kuma 'yan'uwanta ɗalibai kowa na jiran tasa domin a sa masa hannu a littafi. Namiji ɗalibi kuwa sau da yawa ko ƙofar ɗakin ba za a bari ya shiga ba. Asibitin na nan, amma damar koyon ba ta kai yadda ake zato ba.

Wa ke tsaye a bayan ɗalibi?

Idan aka duba hujjojin ɓangarorin biyu, wuri ɗaya suke komawa. Ɗalibar da aka tura asibiti, nas ɗaya tana kula da gadaje masu yawa, ba mai lokacin duba ta, za ta ƙare a gyaran gado da aike zuwa ɗakin magani. Ko kuma, abin da ya fi muni, a sakar mata aikin da ba ta iya ba saboda babu hannu, ta koyi gajeriyar hanya ta ɗauka ita ce daidai. Awannin da ta yi za a rubuta su cif a takarda.

Ɗakin kwaikwayo ma haka. 'Yar tsana mai kwamfuta tana cin dubban daloli, tana son wuta da sanyi da mai gyara. Idan aka sayo ta domin ranar da masu tantancewa za su zo, aka kulle ta a kabad don kada ɗalibai su lalata, an yi asarar kuɗin. Ko an fito da ita, idan malami ɗaya ne a kan ɗalibai hamsin, biyar za su taɓa, sauran su yi kallo.

Jarrabawar hukumar jinya a yanzu ta haɗa da tsarin OSCE, wanda aka ƙirƙiro a Dundee ta Scotland a shekarun 1970: ɗalibi yana zagaya tasha-tasha, a kowace yana nuna wani aiki cikin 'yan mintoci, mai jarrabawa yana duba takardar maki. Tsarin ya fi adalci, domin kowa abu ɗaya ake tambayarsa. Haɗarinsa shi ne ɗalibi ya haddace matakai kamar karatun allo, ya gaishe da roba, ya nemi izininta, ya ci maki, alhali bai taɓa kallon idon mai jin zafi ba.

Zamfara ba baƙuwa ba ce ga ƙoƙarin gyara koyarwa a makarantun lafiya. Shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 zuwa 2020, ya yi aiki a Zamfara da Katsina da Kano da Jigawa da Yobe. Ya taimaka wa makarantun lafiya su samu amincewar hukuma, ya horar da malamai, ya kuma buɗe shekarar share fage ga 'yan matan karkara waɗanda sakamakonsu bai kai ba, bisa alkawarin za su koma garuruwansu su yi aiki. Waɗannan 'yan mata su ne za su tsaya su kaɗai a asibitocin da babu likita, don haka su suka fi kowa buƙatar a ce hannunsu ya faɗa kafin su tafi.

Inda ya kamata kuɗin ya tafi

Ba na ganin Zamfara ta kai matsayin da za ta yanke rabin lokacin asibiti kamar yadda binciken Amurka ya halatta, domin sharuɗɗan da aka gina sakamakon a kai ba su cika a nan ba. Abin da ya dace shi ne kwaikwayo ya zo kafin asibiti, ya kuma ci gaba tare da shi, musamman a kan abubuwa uku da ke kashe mutanenmu cikin mintoci: zubar jini, jijjiga, da jaririn da bai numfasa ba.

Wannan ba ya buƙatar roba mai ƙifta ido. Akwai MamaNatalie, wata jaka da malama ke ɗaurawa a cikinta, da jariri da mabiyiya da jan ruwa a ciki. Malamar ce ke zama mai naƙudar, ita ke sakin jinin, ita ke magana. Tana iya yin shiru irin na mai cikin fari, tana iya cewa da sauƙi alhali jini na zuba, ta ga ko ɗalibar za ta gane. Ba ta buƙatar wuta, kuma kuɗin babbar 'yar tsana ɗaya zai sayi irinta da yawa. Ɗalibai ma suna iya zama marasa lafiya ga junansu, ɗaya ya zama mijin da ya ƙi sa hannu, ɗaya ta lallashe shi da Hausar da za a yi a zahiri.

Sauran kuɗin a kashe shi a kan mutane. A zaɓi gogaggun nas-nas da ungozomomi a asibitocin Gusau da manyan asibitocin Tsafe da Bungudu, a horar da su koyarwa, a rage musu gadajen da suke kula da su a ranakun da ɗalibai ke hannunsu, a kuma biya su alawus a kan wannan aiki. A bar ɗakin koyon aiki a buɗe da yamma da ranakun hutu, da wanda zai tsaya a ciki. A ajiye jaririn roba da jakar numfashi a cikin ɗakunan haihuwa na waɗannan asibitoci, yadda ɗaliba da ma'aikaciya za su yi gwajin minti biyar a lokacin karɓar aiki, kamar yadda aka yi a Haydom.

Makarantar da ke neman a ƙara mata guraben ɗalibai kuma, kafin a amince, a tambaye ta malaman asibiti nawa ta ƙara, da sunan ɗakin da kowannensu zai tsaya.